Shekara shida ina shan imatinib: ya riƙe ni, amma ya ja mini magana

Tun 2019 nake shan imatinib, ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 kullum, saboda sankarar jinin da likitocinmu ke cewa LMC. Kafin in fara, saifata ta kumbura har zani ba ya ɗauruwa, loma uku na ƙoshi. Cikin 'yan watanni ciki ya sace, fararen ƙwayoyin jini suka sauko. Ta nan kam sai Alhamdulillahi, magani ya yi.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne wani suna da muka je a unguwar Birni, nan Damagaram. Ina shiga tsakar gida, mata cike da tabarmi, yayar maigidana ta kamo hannuna ta juya shi gaba da baya kamar mai tayin atamfa a kasuwar Dole. "Ke, da girmanki da 'ya'yanki kika fara shafe-shafe?" Wuri ya yi tsit. Wata ta ce ai dama ta lura tun Sallah. Ni da ban taɓa sayen man bilicin ba, man kaɗe nake shafawa tun ina budurwa! Na ce, "Yaya, wallahi magani ne." Ta taɓe baki ta ce magani dai. Ko shinkafar ban tsaya ci ba, na hau kabu-kabu ina hawaye.

Sai da na koma Yamai awon jini na tambayi likita. Ya ce maganin yana toshe sinadarin da ke sa ƙwayoyin sankarar yaɗuwa, amma yana taɓa wani makamancinsa da ƙwayoyin launin fata ke aiki da shi, shi ya sa fata ke washewa, kuma a jikin baƙar fata ya fi fitowa. To me ya hana a faɗa mini tun ranar farko? Da na shirya amsata.

Kuma da na tuna, ba fatar kaɗai ba ce. Kowace safiya idanuna a kumbure kamar wadda ta kwana kuka. Tsakar dare jijiyar ƙwauri ta murɗe, in tashi in dafa bango ina salati har ta saki. In na kuskura na sha shi ciki wayam, tashin zuciya har la'asar, don haka sai da tuwo da babban kofin ruwa. Da azumi bayan buɗa-baki nake sha, kuma kunu kaɗai ba ya tare shi. Zawo kuwa, a zafin Afrilu na Damagaram, ranar da famfo ya ɗauke, kar ma a tona.

Bayan sunan nan haushi ya sa na ajiye kwalin sati biyu. Awo ya tona ni, likita ya yi mini faɗan da ko mahaifina bai taɓa yi ba, na koma sha. Yanzu in an tambaye ni cewa nake ku sha, kar ku yi irin tawa, sai dai ba zan ce yana da daɗin zama ba.

Yaya har yau ba ta yarda ba. Shekaranjiya ma 'yarta ta ja ni ɗaki tana raɗa: "Inna, don Allah meye sunan man?"