Kayan gyaran kaskon kiran talotalo: dutsen nan kaɗai ya ci kuɗinsa

Jama'a masu fita farautar talotalon daji a nan Amurka, musamman 'yan uwa da muke Pennsylvania tare, ga ra'ayina kan ƙaramin set ɗin nan na gyaran fuskar kaskon kira da ake sayarwa a shagunan kayan farauta, wanda kuɗinsa bai kai dala 20 ba. Na yi kakar bana da shi a aljihu tun ƙarshen Afrilu har Mayu ya ƙare, kuma a taƙaice zan ce a saya, amma saboda abu guda ɗaya da ke cikinsa, sauran duk cikon kwali ne.

Ga wanda bai san harkar ba, kaskon kira wani ɗan faifai ne zagayayye da ke cika tafin hannu, jikinsa katako ko roba, fuskarsa kuma ko dutsen allo ko gilashi ko alminiyom, sai tsinkensa na katako da kake riƙewa kamar biro kana gogawa a kai, shi ne yake ba da kukan macen talotalo. A lokacin bazara mazan suna neman mata, to kai sai ka jingina da bishiya tun da asuba kana yi masa muryar mace har ya tako da ƙafarsa ya zo. Kuma a jiharmu doka ma ba ta yarda ka bi shi da sanɗa ba a kakar bazara, kira kawai aka yarda, kuma talotalo mai gemu, wato mai tsiron gashi a ƙirji, kaɗai za ka harba, don haka in kaskonka ya mutu to wlh zaman sauro kawai ka je yi.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne kaskon nan da kaushi yake magana. Tsinken yana kama fuskar yana saki yana kama yana saki da sauri sosai, wannan karkarwar ce sautin. Kamar izgar goge ce, in ba a shafa mata ƙaro ba sai dai ta yi ta zamewa ba kuka. Da zarar fuskar ta yi sulɓi, ko maiƙon yatsa ya taɓa ta, ko ta yi ta gogar aljihun riga, sai ka ji tsinke na santsi yana ba da wani siririn ƙara mara daɗi a tsakiyar kira, kuma talotalo kunne gare shi ba na wasa ba. Na ga mutane sun ajiye kasko mai kyau sun sayi sabo wai nasu ya lalace, alhali minti ɗaya na goga ya ishe shi. Abin yana ba ni takaici gaskiya.

To me ke cikin set ɗin? Akwai ɗan dutse mai kaushi, akwai guntun koren soso, sanfefa 'yan yanka-yanka, alli na masu akwatin kira (wani ɗan akwatin katako da ake goga murfinsa a bakinsa ya yi kukan talotalo), da wani ɗan rami a gindin marikin dutsen da ake cusa bakin tsinke a murza.

Dutsen dai masha Allah. Gilashi in ya zo sabo sumul yake kamar madubi, soso ba ya yi masa komai, ko kwana za ka yi kana gogawa. Da dutsen nan na zauna a kan teburin kicin na zaɓi wuri kaɗan can sama kusa da baki, faɗinsa bai fi kwabo ba, na dinga ja hagu da dama hagu da dama ina dannawa sosai, da farko yana zamewa kamar ba abin da ke faruwa sai can ka ji ya fara ci, wani farin gari ya fara fitowa, wurin ya koma fari dusu-dusu ba ka ganin ƙasan kaskon ta cikinsa. Nan ne muryar take. Ka lura da abu ɗaya don shi ne sirrin duka: layi ɗaya za ka bi, kar ka yi zagaye, kuma in za ka yi kira sai tsinken ya ratsa layukan nan a gicciye ba ya bi tsawonsu ba. In ka goga daga hagu zuwa dama to kira daga sama zuwa ƙasa ke nan. Ni har alama na yi da maka a bayan kaskon don in san ina ne sama ko da duhu ne. Garin da ya fito kuma kar ka share da yatsa, ka kifa kaskon ka ɗan buga shi a gwiwa ya zube. Bayan wannan aikin na farko, ja uku huɗu da dutsen kafin ka zauna ya wadatar, kuma dutsen har yanzu bai nuna alamar cinyewa ba, in ya toshe da gari ina wanke shi da ruwa da tsohon buroshin haƙori in bar shi ya bushe.

Amma don Allah kar wanda ya kai dutsen nan kan kaskon allo. Allo laushi gare shi, za ka yi masa rami ne kawai ka rage masa kwana. Shi koren soso ya ishe shi, ja kaɗan a layi ɗaya har ka ga launin ya koma toka-toka mai haske. Kuma a nan ne na ga set ɗin bai kyauta ba, sosonsu ƙarami ne ƙwarai, da kyar yatsa biyu ke riƙe shi, ga shi nan da nan ya yi laushi. Scotch-Brite kore na wanke-wanke da ake samu a kowane kanti ya fi shi nesa ba kusa ba, ka sayi sabo wanda bai taɓa ganin sabulu ko mai ba ka yanka shi gida-gida ka zuba a 'yar leda, zai kai ka shekaru. Af, da yawa daga allon da ake yin kaskon nan da shi ma daga nan jihar ake haƙo shi, can gabas wajen Slatington da Bangor inda ma'adinan allo suke tun da daɗewa.

Sanfefarsu ba laifi, mai laushi ce irin lamba 220, amma tana toshewa da wuri. Ramin goge tsinken ne ban yarda da shi ba sam. Bakin tsinke yana tara datti da garin allo har ya yi ƙyalli, dole a goge shi, gaskiya ne, sai dai ramin nan in ka murza da ƙarfi yana cin gefen bakin yana canza masa siffa, kuma siffar bakin nan ita ce rabin muryar. Gara ka shimfiɗa soso a tafin hannu ka juya bakin a kai a hankali har ƙyallin ya tafi, shi ke nan. Kuma tsinke shi ma ba a kama bakinsa da hannu.

Masu alminiyom ku yi hankali, wanda aka yi wa rufi mai launi sanfefa tana kankare shi, auduga da ɗan sifirit kawai ya isa a mafi yawan lokaci. Allin kuma na gwada shi a akwatin kiran wani abokin farautata ya yi daidai, ba mai maiƙo ba ne irin na allon makaranta da ke sa murfi santsi, amma ya karye a aljihu tun fitar farko saboda ba su yi masa gida mai kyau ba.

Wani abin da ya dame ni shi ne murfin marikin yana ƙwaras-ƙwaras in kana tafiya, kuma mutum ne ya taso tun kafin asuba yana taka ganye a hankali don kar tsuntsun da ke kan bishiya ya ji shi. Sai da na naɗe shi da salatif. Daga baya ma cire dutsen na yi na sa shi cikin tsohuwar safa tare da soso, marikin na bar shi a mota.

Batun raɓa kuma ba abin da set ɗin zai yi maka, allo in ya jiƙe ya yi shiru sai ya bushe, shi ya sa nake riƙe gilashi da tsinken roba saboda safiyar da aka tashi da yayyafi, allon kuma yana cikin murfinsa sai rana ta ɗan ɗaga. In allo kaɗai gare ka kar ka ɓata kuɗinka, soso ya ishe ka. In kana da gilashi ko kana shirin saya kafin kaka mai zuwa to ka nemi dutsen, in ka samu ana sayar da shi shi kaɗai ma ya fi.