Za ki koma rilaksa? Duba abin da ke kanki kafin ki duba abin da ke kwali

Mata da yawa da suka daina sa rilaksa, wato man miƙar da gashi, shekara biyu ko uku da suka wuce suna komawa a hankali, wasu ma a ɓoye, don kada ƙawayen da suka dama da wa'azin gashin asali su ji labari. Dalilan a fili suke. Gashi ya yi tsawo, amma da ya sha ruwa sai ya tsuke ya koma rabi. Ranar wanke kai tana cinye yini guda, mai kitso tana mita, mataji yana karyewa, ga yara ga aiki. Kanki ne, babu mai tuhumarki. Sai dai wadda ta dawo bayan dogon hutu ba sayayyar da ta saba za ta yi ba, irin ta lokacin da take shiga shago ta ɗauki kwalin da ta sani ta shafa wa sabon tsiro kawai. Abin da ke kanta ya canja, kuma shi ne zai faɗa mata abin da za ta saya da hannun da zai shafa mata.

Masu dawowa kashi biyu ne. Akwai wadda ta datse tsohon gashin mai rilaksa gaba ɗaya, yanzu daga saiwa har baki na asali ne. Ita man zai bi dukan tsawon gashin a zama ɗaya, don haka tana bukatar mai da yawa da hannu mai sauri. Akwai kuma wadda ba ta datse ba, ta bar tsohon yana rataye a bakin sabon. Tata ta fi wuya. Wurin da gashin nan biyu suka haɗu shi ne mafi rauni a duk kan, kuma idan mai ya zarce ya hau tsohon, ya ci shi karo na biyu ke nan, nan da 'yan makonni za a riƙa tsintar guntayensa a matashin kai. Ko dai ki datse ragowar kafin ranar, ko a lulluɓe shi da bazlin ko mai mai kauri sosai, a tsaya daidai kan iyaka.

Abin da ya sa ake wannan taka-tsantsan shi ne aikin rilaksa ba ya warwaruwa. A cikin kowane silin gashi akwai wasu ƙulle-ƙulle na sinadarin salfa da suke riƙe da murɗewarsa. Man yana kumbura silin, ya shiga ya tsinke su, ya mai da su wani irin ƙulli daban wanda ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa babu man shanu, babu karkar, babu sitimin ɗin da zai dawo da murɗewar da ta tafi. Shekaru ukun da kika yi kina reno za su wuce cikin minti ashirin, kuma almakashi ne kawai hanyar komawa.

Mai soda da marar soda

Yawancin abin da ke kasuwa ɗayan biyun nan ne. Na farko shi ne mai sodiyam haidiroksaid, wato sodar nan dai da masu haɗa sabulu suke amfani da ita. Yana zuwa a roba, a haɗe, ba a gauraya shi da komai. Shi ne masu salun suka fi riƙewa, irin su Mizani da Affirm, kuma ORS ma yana da nasa na roba. Yana aiki da sauri, yana fita tas idan an wanke, gashi yana fitowa da laushi da sheƙi. Illarsa ga fatar kai take: yana ƙuna, kuma ba ya jiran mai nawa.

Na biyu shi ne wanda aka rubuta wa "No-Lye" a jikin kwali, irin Dark and Lovely da Mega Growth da ORS Olive Oil na kwali. Galibinsu za ki tarar da farin mai mai kalsiyam haidiroksaid da 'yar kwalbar ruwa mai guwanidin kabonet, sai an haɗa su an juya sosai sannan su fara aiki. Wannan ya fi sauƙi a fatar kai, shi ya sa ake sayar da shi don amfanin gida. Amma yana barin kalsiyam a jikin silin gashi, a kwana a tashi gashin ya bushe, ya dushe, ya ƙi shan mai. Wadda take wanka da ruwan rijiya ko na burtsatse mai nauyi ta fi kowa ganin wannan, domin ruwan ma da nasa kalsiyam yake zuwa. Haka kuma abin da aka riga aka haɗa ba a ajiye shi don wani watan, a ranar ake amfani da shi a zubar da saura. Akwai wasu marasa sodar da ba a haɗawa, masu litiyam haidiroksaid, su ma dangin guda ne.

Kada rubutun kwali ya sa ki saki jiki. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun auna rilaksa iri 121 da ake sayarwa a can, masu soda da marasa soda har da waɗanda ake tallata wa yara. Matsakaicin ƙarfinsu a ma'aunin pH ya haura 12, matakin da ke cin fata, kuma ba su ga wani bambancin kirki tsakanin na manya da na yara ba. Fatar kai kuwa tana zaune ne a wajen 5. Hoton zaitun ko na 'yar yarinya mai murmushi a jikin kwali ba ya rage komai daga wannan.

To wanne za a ɗauka? A ganina, zama na farko bayan dogon hutu na salun ne, da mai soda, a hannun wadda ta saba shafa wa gashin da bai taɓa ganin rilaksa ba. Dalili shi ne tsarin shafawar ya bambanta. Ana farawa daga tsakiyar sili, a bar kamar santimita ɗaya daga fatar kai, a bar baki, sai a ƙarshe a koma saiwa, saboda ɗumin kai yana sa man ya fi saurin ci a can. Mace ɗaya da madubi ba za ta gama ƙeyarta ba kafin goshinta ya wuce lokaci. Idan kuwa fatar kanki mai saurin ƙuna ce, ko babu salun da kika yarda da shi a kusa, ki sayi marar soda, ki samo wadda za ta shafa miki, ki haɗa da sabulun wanke kai mai cire kalsiyam wanda za ki riƙa amfani da shi kamar sau ɗaya a wata. Gashi mai cika da tsawo kwali ɗaya ba lallai ya ishe shi ba. Gara ki sayi biyu iri ɗaya da a tsaya rabin kai ana aiken yaro kanti.

Sai maganar ƙarfi. Za ki ga "Mild" (mai sauƙi), "Regular" (matsakaici) da "Super" (mai ƙarfi). A nan ne masu dawowa suka fi yin kuskure, don sun daɗe suna kokawa da mataji sai su ɗauka gashinsu mai taurin kai ne, su miƙa hannu ga mafi ƙarfi. Cikar gashi daban, kaurin sili daban. Mata da yawa kansu cike yake taf, amma idan aka zaro sili ɗaya siriri ne ƙwarai. Kaurin silin ne ke zaɓar ƙarfi. Siriri ko wanda aka taɓa rina shi na "Mild" ne, yawancin mutane "Regular" ya ishe su, "Super" kuwa ban cika ganin wadda take bukatarsa da gaske ba. Ki gwada a ɗan tsagi a ƙeya kwana biyu kafin ranar, ki ga minti nawa ya ɗauka da yadda ya fito.

Tsaka-tsaki

Wadda ta saba da cikar gashin asali takan yi baƙin ciki ranar da ta ga kanta ya kwanta lif, fatar kai tana leƙowa. Ga irinta akwai sassautawa ba tare da miƙarwa gaba ɗaya ba. Ana sayar da kwalaye na musamman don haka, waɗanda ake kira tekscharaiza, amma sinadaransu dangin na rilaksa ne, lokacin ne aka rage. Wasu kuma rilaksa mai sauƙi suke saya su wanke da wuri, ko su shafa wa gashin mai tukuna don rage masa ci. Gashin yana riƙe ƙarfinsa da cikarsa fiye da wanda aka miƙar sarai, tajewa ta yi sauƙi, kitso ya zauna. Wahalarsa ita ce daidaito: wannan zama ya fito haka, na gaba ya fito daban, bayan shekara ki tarar da laushi kala uku a sili ɗaya. Duk da haka shi na fi ba masu dawowa shawara. Wanda bai gama miƙewa ba ana iya ƙara masa wata rana.

Akwai kuma masu amoniyam tayoglaikolet, waɗanda ake yin jeri-kol, wato gyaran nannaɗe gashi, da su. Abu ɗaya za ki riƙe: ba sa haɗuwa da gashin da ya taɓa shan mai soda ko marar soda. Idan akwai ragowar tsoho a kanki, gashin tsinkewa zai yi.

Gyaran keratin, wanda ake dangantawa da Burazil, ana tallata shi a matsayin mafita ga mai tsoron rilaksa. Yana miƙar da gashi na 'yan watanni sannan ya saki. Amma da yawansa suna fitar da fomaldihaid idan aka bi su da sitirecha mai zafi, kuma sinadari ne da aka tabbatar yana jawo kansa, ke da mai gyaran ku shaƙe shi tare a ɗan shago. Waɗanda aka rubuta wa babu fomaldihaid wasunsu gilayoksilik asid ke ciki, wanda likitoci a Faransa da Isra'ila suka danganta da ciwon ƙoda na farat ɗaya bayan gyaran gashi. Ga tsada. Ni dai ba na sa shi a lissafi.

Miƙarwa da diraya da sitirecha kawai ita ce hanya ɗaya da za ki ga kanki a miƙe ba ki rasa komai ba, matuƙar ba a yawaita zafin ba. Ta dace da biki ko da gwaji kafin yanke shawara. Amma ruwa ne maƙiyinta, kuma ga mai shafar kai a alwala, mai wankan tsarki, mai yini da ɗankwali da hijabi a zafin Afrilu, saiwar ba ta yin mako ba ta koma gidan jiya ba.

Abin da ba a rubutawa a kwali

A Oktoban 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bibiyar mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11. An ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba sa amfani da man miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin ɗari za su kamu da kansar mahaifa kafin su kai shekara 70, a cikin masu amfani da shi fiye da sau huɗu a shekara kuwa kashi 4.05 ne. Binciken bai ware kamfani ko sinadari ɗaya ba, kuma alaƙa ya nuna, bai yanke cewa man ne sanadi ba. A 2023 wani binciken na Jami'ar Boston a kan baƙaƙen matan Amurka ya ga ƙarin haɗarin a tsakanin waɗanda suka daina al'ada kuma suka daɗe suna sa rilaksa. Abin da mai saye za ta ɗauka a nan shi ne yawan shafawa yana da muhimmanci, haka ma ƙunar fatar kai, domin ciwo ƙofa ce. Tsohuwar maganar nan ta "bari ya ɗan ci ki tukuna" ki bar ta a inda kika same ta. Da ya fara zafi a wanke.

Wajen saye, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki tabbata ba a taɓa buɗe murfin ba. Kada ki sayi na awo da ake ɗiba daga babban bokiti a zuba a leda, ba ki san ƙarfinsa ba, ba ki san shekarunsa ba, araha kuwa ba ta ado. Wanda ya tsinke ruwa ya taso a samansa, ko ya daɗe a rana a bakin kasuwa, ki wuce shi. Ki buɗe kwalin ki ga akwai sabulun kashe ƙarfin mai. Wannan ba na zaɓi ba ne, sabulun wanka ba ya maye gurbinsa. Mafi kyau shi ne mai canja launi, wanda kumfarsa ke yin ruwan hoda muddin akwai sauran rilaksa, sai ta koma fara sannan a daina wankewa. Idan na roba kika saya, shi daban ake sayensa, tare da safar hannu da bazlin na gefen goshi da kunnuwa da ƙeya.

Ki tsefe kitso mako guda kafin ranar, kada ki sosa, kada ki wanke dukan kan ana saura kwana biyu ko uku. Mai amosani mai tsanani ko ƙuraje ta yi magani tukuna. Gashin da aka sa wa bilic, wato man cire launi, ba a sa masa rilaksa, rini kuma a ba shi tazarar mako biyu. Lalle na gargajiya yana ƙara wa gashi bushewa, wasu na kwali kuma ana haɗa su da gishirin ƙarfe, don haka mai lalle a ka ba ta da uzurin tsallake gwajin tsagi. Garin cebe da karkar su ma a wanke su tas tun makon da ya gabata. Idan kina da zaɓin lokaci, kada ki fara a tsakiyar hunturu.

Bayan an gama, a ɗaga wa kan ƙafa mako biyu kafin kitso, kuma kada a ja gefen goshi, don jan kitso a kan gashi mai rilaksa shi ne kan gaba wajen cinye gaban kai. Gashi yana tsirowa kusan santimita ɗaya ne a wata, saboda haka zama na gaba sai bayan mako goma zuwa sha biyu, lokacin da sabon tsiro ya yi tsawon da za a shafa masa shi kaɗai. Ki adana kwalin ko ki ɗauki hotonsa a waya, ki rubuta mintocin da aka yi, domin iri ɗaya da ƙarfi ɗaya za ki sake saye.