Farar ƙasa ta NHL 3.5: ta dace da gyaran tsohon gidan dutse?

Ƙananan gidajen dutse irin na yankin Cotswolds a Ingila, kamar jerin gidajen masaƙa na Arlington Row a ƙauyen Bibury, da kwaɓin farar ƙasa aka gina su. Bango yana shan danshi, ya fitar da shi ta layin kwaɓin da ke tsakanin duwatsu. Ranar da aka cike layin nan da siminti, an toshe wa ruwa hanya. Sai ya koma cikin dutsen, sanyi ya daskarar da shi, fuskar dutse ta riƙa ɓarewa, simintin kuwa yana nan daram.

Maganin da magina ke yawan ɗauka shi ne NHL 3.5, wato nau'in farar ƙasar gini da ke kamawa da ruwa (Natural Hydraulic Lime a Turance). Gari ce, galibi a buhu mai kilo 25, kuma kamfanoni irin su Saint-Astier na Faransa suna yin ta. Tana fara kamawa da ruwa, sannan iska ta ƙarasa ƙarfafa ta a hankali. Lambar 3.5 ita ce mafi ƙarancin ƙarfinta na jure danni bayan kwana 28, a ma'aunin da ake kira megafaskal.

Aikinta yana da kyau matuƙa, amma ba ta yafe gaggawa. A fara da ƙwaƙule tsohon kwaɓi da cizal da hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin. Injin yanka yana cin gefen dutse, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. A share ƙura, a jiƙa bangon, domin busasshen dutse zai tsotse ruwan kwaɓi kafin ya kama. Awo ɗaya na farar ƙasa, biyu da rabi zuwa uku na yashi mai kaifi wanda aka wanke. Yashi mai laushi yana sa tsagewa. A juya kamar minti 20, ruwa kaɗan-kaɗan, har ya riƙe cokalin gini ba ya zuba. Yawan ruwa ne ke jawo ƙanƙancewa da farin tabo a jikin dutse. Idan ramin ya yi zurfi, a cike shi hawa-hawa, kowane hawa kamar milimita 10 zuwa 15. Da ya fara tauri, a bubbuga shi da buroshi mai ƙarfi, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara na kwanaki. Idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Celsius, kada a taɓa aikin. Rana mai zafi da iska kuma suna busar da shi ya zama gari.

Aibinta na farko tsada: ta fi siminti kuɗi, ta fi shi cin lokaci. Tana kuma ƙona fata da ido, don haka safar hannu da tabarau wajibi ne. Babban abin lura shi ne tana ci gaba da ƙara ƙarfi bayan kwana 28 ɗin nan. Ga dutse mai tauri, madalla. Ga mai laushi, kamar dutsen murjani na tsohon garin Zanzibar, ta yi ƙarfi da yawa. NHL 2, wadda ba ta kai ta ƙarfi ba, ko jiƙaƙƙiyar farar ƙasa zalla ta fi. Kullum ya kamata kwaɓi ya fi dutsen rauni.

A Ingila, idan gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, wata doka ta shekarar 1990 ta hana sauya kamanninsa ba izini, don haka a tuntuɓi jami'in adana gine-gine na ƙaramar hukuma, a gwada kwaɓin a ɗan lungun bango kafin a sayi buhuna da yawa.