Jagoran Lakota da ya zaga da mu a Dakota ta Kudu: ra'ayina

Duk mai niyyar zuwa Dakota ta Kudu a Amurka don ganin rawar Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, shawarata ya nemi ɗan jagora ɗan ƙabilar. Mu wasu iyali 'yan Oglala, wani reshe na Lakota, daga yankinsu na Pine Ridge muka ɗauka, suka kwashe mu daga Rapid City, kuma wallahi kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Bear Butte aka fara kai mu, kusa da Sturgis, dutse ne da suke hawa su yi azumi da addu'a, bishiyoyin hanya duk an ɗaura musu ƙyallaye ja da fari da rawaya da baƙi da 'yan ƙullin taba, jagoran ya ce kar wanda ya taɓa, kar a ɗau hoto, addu'o'in mutane ne.

Da yamma sai filin powwow, wato taronsu na kiɗa da rawa. Ganga ɗaya ƙatuwa, maza sun kewaye ta suna duka tare, har a ƙirjinka kake jin ta. Masu rawar ciyawa kuwa jiki na lanƙwasa kamar iska na kaɗa ciyawar filinsu. Ana cikin haka gashin mikiya ya faɗo daga kayan wani, nan take aka tsaya cak, sai da tsofaffin sojoji suka zo aka yi waƙa ta musamman kafin a ɗauke shi. Nan na gane yadda suka ɗauki tsuntsun nan.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne inda suka ce a'a. Wani a cikinmu ya nace a kai mu Rawar Rana, wadda ake kwana 4 ana yi lokacin zafi, ba ci ba sha, a kewayen bishiyar cottonwood, jagoran ya ce sam, ibada ce ba kallo ba, ko nawa za a biya. Kuma da gaskiyarsa, gwamnati ta haramta musu ita a 1883, sai 1978 doka ta kare musu addininsu. Mutanen da kotun ƙoli ta yanke a ba su diyyar sama da dala miliyan 100 a 1980 kan tsaunukan Black Hills da aka ƙwace musu suka ƙi karɓa don ƙasarsu suke so, su ne za ka saya da kuɗin tikiti?

Matsala ɗaya, motar ta matse mu sosai kuma tafiyar da nisa. Ku riƙe ruwa da rigar sanyi don dare, da 'yan canji, ana zagawa da bargo a tara wa makaɗa kuɗi.