Firamaren gwamnati ko ƙaramar makarantar kuɗi ta unguwa?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambayi makarantar da ya kamata ki sa yaronki. Tsakanin firamaren gwamnati da ke kusa da ku da makarantar kuɗin nan da aka buɗe a gidan haya, ki kai yaron ta gwamnati, muddin za ki riƙa leƙa ajinsa.

'Yata ta yi shekara uku a irin wannan makaranta ta kuɗi a nan Kaduna, kullum ita ce ta ɗaya ko ta biyu a katin sakamako, amma ranar da na miƙa mata littafin aji biyu sai ta kasa haɗa baƙi. Da na mayar da ita ta gwamnati, na tarar da yara kusan 70 a ajinsu, alhali tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35, har gabana ya faɗi. Malamarsu, wata dattijuwa mai takardar shaidar malanta ta NCE, ta gwada ta a ranar farko, ta gaya mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba, ta zaunar da ita a bencin gaba. Kafin ƙarshen zango na biyu yarinyar ce ke karanta wa kakarta saƙon waya.

Abin da ke ruɗar iyaye shi ne sakamakon makarantar gwamnati idan an haɗa shi jimla. Ajin ya tara 'ya'yan leburori da na ƙananan ma'aikata da na 'yan kasuwa, Hausawa da Gbagyi da Fulani, Musulmi da Kirista, ga ɗan shekara 7 ga ɗan shekara 11 a benci ɗaya. Wasu sai sun gama tallan safe suke zuwa, wasu kuma damina na kankama sai su ɓace. Waɗannan ne ke ja da makin aji baya, ba wanda ake bibiyar karatunsa a gida ba. Ban ce malaman duka nagari ne ba, domin a 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, fiye da 21,000 suka faɗi, aka sallame su.

Ta kuɗin kuwa, abin da zan iya yaba mata bai wuce ƙarancin yara a aji ba.

Ki kuma yi hattara da masu buɗe makaranta don kasuwa kawai, waɗanda ke ɗaukar wanda ya gama sakandare jiya ya koyar, suna cika kati da maki don kada iyaye su cire 'ya'yansu, sannan su tilasta miki sayen littafi da yunifom a hannunsu. Ki nemi ganin rajistarsu da Ma'aikatar Ilimi, kuma ki sa a kira miki ɗan aji huɗu ya yi karatu a gabanki.

Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta sa firamaren gwamnati kyauta ce. Abin da za ki biya a ta kuɗi duk zango, ki ɗauki malamin lesin na yamma da shi.