Manyan lasifika biyu a gaba, ko ƙanana jere a bango?

Baba Dattijo, sannunku da ƙoƙari. Kun ce sabuwar majami'arku a Zuru tsawonta mita 30 ne, faɗi 15, rufin kwano, daɓen tayil, kuma ban da sujadar Lahadi za a riƙa ɗaurin aure da taron zumuntar mata da na matasa a cikinta. Wani mai haɗa kaya ya ce a kafa manyan lasifika biyu a gaba, wani kuma ya ce a jera ƙanana a bango tun daga bagadi har ƙofar baya. Kuna tambaya wanne ya fi.

Kafin ku fitar da ko kwabo, ku shiga ginin lokacin da ba kowa, ku tsaya a tsakiya, ku tafa hannu sau ɗaya. In ƙarar ta mutu cikin daƙiƙa ɗaya ko kusa da haka, ɗakin ya dace da wa'azi. In ta wuce daƙiƙa biyu tana yawo, to babbar matsalarku amsa-kuwwa ce, ba ƙarancin ƙarfi ba. Kwano da tayil da bangon siminti ba sa shanye murya, mayar da ita suke yi.

Manyan biyun nan suna da abin yabo. Haɗa su ba wuya, wayoyin kaɗan ne, kuma suna ɗaukar kiɗa. Ranar da matasa suka kawo jita da ganguna, ko mata suka sauke tulu da caki, su ne za su fitar da ƙasan sautin nan da ake ji har a ƙirji. Kuma murya tana fitowa daga inda mai magana yake tsaye, ido da kunne suna kallon wuri ɗaya.

Aibinsu nisa ne. Duk lokacin da tazara ta ninka, sautin da ke zuwa kai tsaye daga lasifika yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Wanda ke mita 4 da wanda ke mita 30, tsakaninsu tazarar ta ninka kanta kusan sau uku a jere, wato wajen desibel 18. Na baya sai su ce ba sa ji, yaron da ke kan miksa, wato na'urar da ake daidaita muryoyi da ita, ya ƙara murya, na gaba su toshe kunne, makirfo ya fara kuka. Ƙarin da aka yi kuwa bai gyara wa na baya komai ba, don yawancinsa kwano da bango ya je ya dawo. Ana jin ƙara, ba a jin magana. Mun sha wannan a cocinmu a Birnin Kebbi: muka girke su a ƙasa dab da bencin farko, iyayenmu mata tsofaffi da suka saba zama gaba suka yi ƙaura zuwa baya, can kuma suka tarar wa'azin kamar daga cikin rijiya yake fitowa. An gudu ba a tsira ba.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Sauti yana tafiyar mita 343 zuwa 350 a daƙiƙa, gwargwadon zafin gari. Zuwa bangon bayanku da dawowa mita 60 ne, kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Fasto zai ji kalmarsa ta dawo masa yana tsakiyar faɗin ta gaba.

Ƙananan na bango akasin haka suke. Kowa yana kusa da ɗaya, don haka ba sai an ɗaga murya ba, ɗakin kuma ba ya ruɗewa. Yawanci a kan layin bolt 100 ake haɗa su, wato tsarin jera lasifika da yawa a kan waya ɗaya, irin na kamfanin Ahuja ko TOA, kowace da 'yar taransifomarta, waya ɗaya siririya ta bi su duka. Ga karatun Littafi Mai Tsarki da sanarwa da taron kwamiti, sun fi manyan nesa ba kusa ba. Amma ku sa musu ganga ku ji: sautin ya zama siriri, kamar na rediyo. Sannan in duk suna magana lokaci guda, na baya zai ji ta kusa da shi tukuna, ta gaba ta iso masa a makare, kalma ɗaya ta zama biyu.

Ni dai da ginin nan nawa ne, ba zan ɗauki ko ɗaya yadda aka kawo muku shi ba. Zan sayi matsakaita biyu masu kyau, a rataye su sama, gaba kaɗan da inda makirfo yake, a sunkuyar da fuskarsu kan jama'a, kada su kalli kwano ko bangon baya. Sai wasu biyu ƙanana a wajen mita 15 daga na gaban, a jinkirta sautinsu da kimanin milisakan 44 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), wato kusan uku ga kowace mita, don muryarsu ta haɗu da ta gaba. Jinkirin nan miksa ta zamani irin X32 ta Behringer tana da shi a ciki, tana kuma ajiye saiti, na Lahadi dabam, na biki dabam, wanda ke da amfani inda masu taɓa kaya suke da yawa. In tsohuwar miksa ce gare ku, akwai ƙaramar na'urar jinkiri da ake ƙarawa. Layin bolt 100 kuma a bar shi ga rumfar waje da ajin yara, nan ne gidansa.

Abin da ya rage na kuɗin, ku kai shi bangon baya: labule mai kauri mai ninki, a ɗan janye shi daga jikin bango. In ba a riga an yi silin ba, a yi, a shimfiɗa abin da ke shanye ƙara a samansa, don kun fi mu sanin yadda ruwan Agusta yake dukan kwano a Zuru. Ba lasifikar da za ta yi gasa da shi.

Wuta kuma: kayan sauti su samu layinsu dabam da na fanka da fitilu, da sitabilaiza, da wayar ƙasa ta gaske, in ba haka ba za ku yi ta jin gurnani a lasifika. A koya wa yaran su kunna amfilifaya, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, a ƙarshe, su kashe ta da farko, musamman lokacin sauyawa zuwa janareta. Da hunturu a rufe miksa da ƙyalle saboda ƙura.

Ku ce wa masu kayan su biyun su kawo su gwada a ginin kafin ciniki. Ku zaunar da wani dattijo a bencin ƙarshe, a kunna fankoki duka, a karanta masa sunayen zuriyar da ke Matiyu sura 1, ya maimaita abin da ya ji.