Lesin ɗin lissafi na Asabar a Malali, ga abin da na gani

Masu tambayata inda nake kai 'yata lesin, to ga amsa gaba ɗaya. Ɗaki ne guda a Malali, wani malamin sakandare ke riƙe da shi ranar Asabar, yana shirya 'yan SS don gasar Olamfiyad irin wadda Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa. Ba lesin WAEC ba ne, wannan a sani tun yanzu.

Ranar da na zauna a bayan aji kan firam namba suke, wato lambobin da ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu. Malam ya ce a dinga ninka su a jere, 2 sau 3 shida, sau 5 talatin, sau 7 ya ba da 210, sau 11 ya ba da 2310, sai ya ce kowace amsa a ƙara mata 1. Aka samu 7, 31, 211, 2311, yara suka gwada duk firam ne, wani yaro har ya miƙe yana cewa Malam ai mun gano doka. Malam bai ce masa eh ko a'a ba, kawai ya rubuta ta gaba, 2310 sau 13 a ƙara 1, wato 30031, ya ce bismillah a raba. Wallahi sun sha gumi, an gwada 17 an gwada 19 an wuce 53 ba komai, sai can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce 59 ta shiga, 59 sau 509 ne. Doka ta rushe a gaban idonsu.

Abin da ya sa na yarda da mutumin nan kenan. Daga nan ne ya nuna musu cewa 59 da 509 ɗin ba sa cikin jerin da aka ninka, kuma ba za su taɓa kasancewa a ciki ba tunda duk firam ɗin da ka raba 30031 da ita daga 2 zuwa 13 sai 1 ta rage, kenan ko yaya ka tara firam akwai wata a waje. Hujjar Yuklid kenan, masanin lissafin Girka na dā, ta fiye da shekara dubu biyu, kuma yaran da hannunsu suka iso wajen. Ya ce musu ma har yau ba wanda ya tabbatar ko irin su 211 da 2311, wato firam ɗin da ke fitowa in an ninka an ƙara 1, suna da iyaka ko babu.

Aikin gida kuwa mu ma mun ɗanɗana, rubuta lamba mai gida uku sau biyu kamar 347347, raba da 7, da 11, da 13, sai ga 347 ta dawo, saboda 7 sau 11 sau 13 shi ne 1001. Ƙannen 'yata sun hana kowa sakat da shi.

Matsaloli akwai. Ɗakin ya yi kaɗan, in an ɗauke wuta zafi ba a magana, kuma lokacin yana cin karo da Islamiyya, na roƙi Malam ya duba wannan don iyaye da yawa shi ke hana su. Yaron da bai riƙe jadawalin sau ba zai wahala, ba a jira. Kuɗin dai daidai talaka ne, wata-wata ake biya, kuma ana barin iyaye su zauna aji ɗaya su gani kafin su biya.